Ɗakin Kawu na Gumaguman Dabino

Ana saura 'yan watanni a fara gasar cin kofin duniya aka rushe ɗakin Kawu. Kafil ɗinmu, wato maigidan da muke wa aiki a unguwar Ain Khaled ta birnin Doha, yana sa ran baƙi daga ƙasashen maƙwabta, kuma yana neman inda za su ajiye motocinsu. Da hantsi motar kwasar kaya ta iso, kafin azahar wurin ya koma fili kamar ba a taɓa kwana a cikinsa ba. Ban ga laifin maigidan ba, filinsa ne. Amma na tsaya ina kallo ana loda gumaguman dabinon da muka gina ɗakin da su, raina duk a jagule, domin da hannuna na jera su ɗaya bisa ɗaya a shekarar korona.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, shi ya yi mini hanya na baro ƙauyenmu a ƙasar Zazzau na zo Doha. Shi yake kula da lambun gidan, ni kuma direba ne. A bayan gidan akwai ɗakin ma'aikata mai gadaje hawa biyu, a nan mu shida muke kwana, har da mai dafa abinci ɗan Indiya da wani dogon Basudane mai gadi. Gadona a saman na Kawu yake. Yana da ciwon suga, ga ƙirjinsa da yake kuka kamar tsohuwar ƙofa in ya kwanta.

Da aka sa dokar kulle kowa ya zauna a gida, ban da ni. Ni ake aika kasuwa, ni ake aika kantin magani, ni nake cuɗanya da mutane wuni guda, sannan da yamma in dawo in haye saman dattijon nan ina numfashi. Tun ban faɗa wa kowa ba abin yake cina. Sai wata rana Inna, mahaifiyata, ta kira ni a waya. Ba ta yi doguwar magana ba. Ta ce, "Ka dai san ƙirjin kawunka. Shi kaɗai ya rage mini a ɗakinmu." Daga ranar na san in cutar nan ta shiga ɗakin, ni zan kawo ta, kuma shi za ta fara ɗauka.

Na je na roƙi maigidan ya ba Kawu wani ɗaki. Babu, ko ina a cike. Amma a ƙarshen lambun akwai tarin itatuwan dabino da aka sare tun bara don faɗaɗa falon baƙi, sun bushe suna jiran motar da ba ta zo ba. Na nuna masa su, na yi ta haɗa Larabcina na direba da hannu. Ya dube ni kamar wanda ya zautu, sannan ya ce, "Yalla, ku yi. Amma ba siminti, ba bulo, kuma ba wanda zai shigo mini gida daga waje."

Rigima ta fara tun ba mu ɗaga gatari ba. Ni na ga wani bidiyo a waya, mutanen ƙasar sanyi suna kwantar da gumagumai ɗaya kan ɗaya, suna sassaƙe bakin kowanne ya zauna a kan ɗan'uwansa, har bango ya tashi ba ƙusa ko ɗaya. Na kai wa Kawu ya gani. Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, ya kalla har ƙarshe, ya miƙo mini.

Ya ce, "Waɗannan ba su san gara ba. Itace tsayar da shi ake yi, a kewaye da zana. Wa ya taɓa ganin an kwantar da itace an ce gini ne?"

Na ce, "Kawu, zana a zafin Doha? Ai gasa ka za mu yi. Bangon da zai riƙe sanyin esi muke nema."

Ya ce, "Kai da tuƙi kawai ka iya."

Mun kwana biyu muna wannan. Daga ƙarshe ya bar mini bango, na bar masa rufi, kowa yana jiran ya ga ɗan'uwansa ya ji kunya.

Wanda bai taɓa sa wa dabino zarto ba ba zai gane wahalar ba. Cikinsa duk zare ne, zarto ya shiga ya cije, gatari kuma ya dawo maka kamar ka sari katifa. Ga tsinke-tsinkensa masu shiga ƙarƙashin farce. Muna fitowa bayan sallar asuba mu yi har rana ta fara cizo, mu koma bayan la'asar in ba a aike ni ba. Basudanen nan ne yake kama mana ɗagawa, yana dariya yana cewa Hausawa ba su da aikin yi.

Ni na fara jin kunyar. Bango ya kai ƙugu sai muka ga ya karkata, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu. Ashe duk gindin itatuwan, inda suka fi kauri, na jera su a ɓangare guda. Kawu ya zagaya ginin hannuwansa a baya har ya dawo inda ya fara. Sannan ya ce, "A bidiyon naka haka nasu yake ruku'u?" Muka sauke, muka sake jerawa, gindin wannan a kan kan wancan.

Tsakanin gungume da gungume akwai kafa da hannu zai shige, dole a toshe. A gida sai mutum ya je bakin kududdufi ya ɗebo laka. A nan kuwa na haƙa taƙi ɗaya na tarar da farin dutse. Kawu ya riƙa tsakuro ƙasar lambu kaɗan-kaɗan daga gindin shuke-shuke, ya haɗa da takin tumaki da jan gashin nan da yake naɗe wuyan dabino, ya naɗe wandonsa ya shiga yana takawa. Ranar na ga fuskarsa ta saki. Yana cuɗa ƙasa yana ba ni labarin ɗakin kakata da suka yaɓe shi da Inna suna yara, har ya manta da tarinsa.

Sai aka zo rufi, fannin Kawu. Ya ce dabino ƙanin giginya ne, don haka azara za mu yi. A wajenmu da giginya ake azara, a tsaga ta a jera a kan bango, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa, ta shekara da shekaru ba ta motsa ba. Muka tsaga dabinon gida huɗu, ya saƙa ganyen ya zama zana mai kyau, muka jera, muka ɗora ƙasa. Ya tsaya a ƙasa yana ba da umarni kamar sarkin magina. Washegari rufin ya ɗan sunkuyo. Da aka ƙara kwana ya yi ciki kamar tsohon gadon igiya. Dabino ba giginya ba ne, cikinsa laushi gare shi kamar raken da aka tauna.

Na so in rama, wallahi na so. Amma na ga yadda ya tsaya yana kallon rufin, sai na haɗiye. Muka kwashe ƙasar, muka kafa ginshiƙi a tsakiya, muka shimfiɗa tamfol tsakanin zana biyu. Har yau Kawu bai yarda ya yi kuskure ba. Cewa ya yi, "Dabinon ƙasar nan ne ragwaye, ruwan famfo suke sha."

Ƙofa muka yi da katakon akwatunan kaya. Mai gadi ya tono wani tsohon esi a sito mai ƙara kamar injin niƙa, muka jawo masa wuta daga ɗakin famfon lambu. Ɗakin bai fi a shimfiɗa katifa da dadduma ba, amma in ka shiga akwai sanyi da ƙamshin ƙasa. Ana gobe azumi Kawu ya tare. Na kira Inna na juya mata waya ta gani, ta yi ta sa mini albarka. Na kwanta ina jin na sauke wani dutse daga ƙirjina.

Tsarin da na yi shi ne, in an kusa shan ruwa in sa takunkumi, in kai masa abinci in ajiye a kan kujera a bakin ƙofa, in ƙwanƙwasa in juya. Mu kuma mu baje tabarma a ƙofar ɗakinmu, can ɗaya gefen lambun, mu ci tare. Da farko ban lura ba. Sai mai dafa abinci ya fara nuna mini kwanon Kawu yana dawowa kusan yadda ya tafi. Mai ciwon suga, ga azumin da likita ya ce ya bari ya ƙi, ga shi ba ya ci. Cikin mako biyu wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Wata la'asar na tsaya daga nesa na kira shi. Ya leƙo.

Na ce, "Kawu, me ke damunka? Abincin ne ba daɗi?"

Ya ce, "Ni kuturu ne?"

Na ce, "Subhanallahi, wane irin kuturu?"

Ya ce, "To wa ake ajiye wa abinci a bakin ƙofa a gudu? Tun da aka yaye ni ban taɓa sa hannu a kwano ni kaɗai ba. Ina jin dariyarku daga can, ni ina nan ina kallon ginshiƙi."

Raina ya ɓaci. Na nuna masa tafin hannuna da duk ya farfashe, na ce don wa na yi wannan, na ce in yana so ya mutu ya bari sai ya koma gida ya mutu a gaban yayarsa, kada ya bar ni da bayani. Maganar ta yi nauyi, na sani tun tana fita. Ya ja ƙofarsa ya rufe. Ranar ni ma ban iya cin abincin ba.

Washegari na dawo daga aike sai na ji ƙarar zarto. Na zagaya da gudu, na tarar ya yanke gumagumai biyu daga bangon da yake kallon lambu, bangon da na fi shan wahala a kansa. Ya buɗe taga mai faɗi daidai ƙirjin mutum in yana zaune, ya kwantar da rabin gungume a bakinta ya zama abin ɗora kwano. Na fara cewa sanyin esi zai fita. Ya ce da rana zai toshe da buhu. Sannan ya nuna mini ƙarƙashin wata bishiya da take fuskantar tagar, da ɗan tazara. Har ya riga ya jawo tabarmarmu ya shimfiɗa a wurin.

Haka muka ƙarasa azumin. Shi a tagarsa, mu a tabarma, a kira salla ya ɗaga dabino ya ce bismilla mu amsa. Yana ci yana tsokanar mai dafa abinci kan yaji, yana yi mini gyaran zama daga nesa. Kwanonsa ya koma dawowa a share.

Bayan salla da 'yan kwanaki na tsaya shan mai sai na ga ban ji warin fetur ba. Kafin yamma zazzaɓi ya rufe ni. Aka zo aka gwada mu duka. Ni da mai dafa abinci da mai gadi muna da cutar, sauran biyun ma daga baya ta fito musu. Da safe motar asibiti ta zo ɗaukarmu zuwa inda ake killace masu cutar. Ina tafiya ina dafa bango, numfashina yana yankewa, sai na ji an buɗe ƙofar katakon nan. Kawu ne ya fito, ba takunkumi, ba takalmi, da bargonsa a hannu, yana nufo ni kai tsaye.

Ban san ina da sauran murya ba. Na daka masa tsawa, na ce, "Kawu, koma! Wallahi in ka ƙara taku ɗaya ban yafe maka ba!"

Ya tsaya cak a tsakiyar lambun. Ya dubi bargon ya dube ni. Ma'aikacin asibitin ya kama hannuna ya sa ni a mota. Ta gilashin baya na ga yana ja da baya a hankali har ya dafa ƙofarsa. A ƙauyenmu ɗan da ya yi wa kawunsa haka sai an tara masa dattawa. Na yi kuka a motar nan, ban damu da wanda yake kallona ba.

Na sha jiki, har an sa mini iskar numfashi. Kullum in na farfaɗo abin da nake fara tambaya a waya shi ne sakamakon Kawu. An gwada shi, an sake gwadawa. Duk cikinmu shi kaɗai cutar ba ta taɓa ba.

Ranar da aka sallame ni na shigo gidan da la'asar, wandona yana zamewa. Na nufi ɗakinsa ina shirya kalmomin ban haƙuri. Yana zaune a tagar, ya hango ni tun daga ƙofar lambu. Na matso, sai ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Tun da nake ba wanda ya taɓa yi mini tsawa irin taka, ɗan banza."

Na ce, "Kawu, ka yafe mini."

Ya goge idonsa da bakin rigarsa. Ya ce, "Tsaya nan inda kake, kada ka matso. Ɗago fuskarka in gan ka da kyau, in kira Yaya in gaya mata ɗanta ya dawo."