Malama Hafiza da Tubalan Kwali

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 13 ga Fabrairu, 2025, Allah Ya karɓi ran Malama Hafiza Ɗahiru a gidansu da ke Gwandu, bayan jinyar mako biyu. Shekara huɗu muna koyarwa tare a wata firamare a Kalgo, ajina jikin nata.

Hafiza, kwamfuta ɗaya gare ki, yara arba'in. Sai kika yanka kwali kamar tubala, kika rubuta umarni a kan kowanne: taka gaba, juya dama, maimaita sau uku. Yara su jera su a ƙasa, ɗaya ta bi umarnin sak har ta kai randar ruwan aji. In jerin ya karkace, sai ta yi karo da bango, aji ya ɗauki dariya. Wanda jerinsa ya yi daidai, shi zai hau kwamfuta ya jera irinsu.

Ni kuwa hayaniyar ta dame ni. Na kai ƙararki wurin hedimasta, na ce wasa kike yi da 'ya'yan mutane. Aka mayar da darasinki gindin darbejiya, cikin zafin Afrilu. Kin san ni ce, amma gaisuwarki ba ta canza ba.

Ɗiyata Nafisa tana ajinki. Da, in ta kuskure lissafi, yage takardar take yi tana kuka. Wata rana na gan ta tana bin aikinta da yatsa, layi bayan layi. Ta ce, "Inna, Malama ta ce ba duka ke ɓaci ba. Tubali guda na, a neme shi a gyara."

Tun ranar na san na zalunce ki, girman kai ya hana ni faɗa. Da na ji kina kwance, na ce Juma'a zan zo Gwandu in roƙi gafararki. Juma'ar na zo, zaman makoki na tarar.

Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarki Hajiya Rabi, da maigidanki Malam Haliru, da ɗalibanki. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Hakkinki da ke kaina kuma, Allah Ya sa kin yafe tun kafin in roƙa.

Ruƙayyatu Umaru, Kalgo