Goggon Gada

Kafin a yi gadar, mijinta ne ke ƙetarar da mutane a kwale-kwale. Kogin ba shi da faɗi, amma tsakanin duwatsu yake gudu, da damina kuwa ba ya jin magana. Wata shekara ya kife kwale-kwalen. An tsamo kayan fasinja, shi mijin ba a gan shi ba.

Bayan haka ne ma'aikata suka zo da igiyoyin ƙarfe masu kaurin damtse. Suka kafa turaku a kowace gaɓa, suka ja igiyoyin, suka jera katako. Ranar da suka gama, gari ya taru. Iska ta kaɗa, gadar ta yi lilo, kowa ya ja baya.

"Wannan ai igiyar shanya ce," in ji mahaucin garin. "Ni kuwa ba riga ba ne."

Aka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta gyara ɗaurin zani, ta hau, ta je ƙetare ta dawo. Da ƙanwarta ta hau ta da faɗa, sai ta ce, "Abin da nake tsoro ai ya riga ya faru."

Daga ranar ta zama Goggon Gada. Gidanta ne na ƙarshe kafin turakun, don haka duk mai jin jiri ƙofarta yake tsayawa: tsofaffi, masu ciki, har mahaucin, wanda ya roƙe ta ta rufa masa asiri. Takan ɗora hannun mutum a kafaɗarta ta ce, "Kalli ƙeyata, kar ka kalli ƙasa. Ba ni labarin gidanku." Kafin labarin ya ƙare an isa. Sai ta juyo ita kaɗai.

Gadar ta kawo malamin asibiti da taki da kwanon rufi. Ta kuma kwashe mutane, don a ƙetare mota ke tsayawa. Ɗanta ya tafi koyon walda, 'yarta ta bi mijinta birni. Ita ta ɗaukar musu jaka har bakin titi. Maƙwabta ma suka bi, gida bayan gida, kuma kaɗan ne suka dawo neman kafaɗarta.

Daga baya aka gina gadar siminti can ƙasa, ta igiya ta zama ta awaki. Katako ya fara ruɓewa. Goggo takan ɓalle ƙyauren wani kango ta buga a gurbinsa. Wani lokaci sai a daɗe ba wanda ya taka sai ita. Takan je tsakiya ta zauna, ta saki ƙafafu, tana kallon ruwa har rana ta take.

Wata safiya ma'aikata suka dawo, suka fara cire katakon.

"Ku yi haƙuri, Goggo," in ji babbansu. "Tsatsa ta cinye igiyar. Za ta kashe wani."

"Wa za ta kashe, ɗan nan? Akwai kowa ne?"

Ta shiga gida ta kawo musu ruwan sha.

A cikin watan nan 'yarta ta zo ta ɗauke ta, suka bi ta gadar siminti a mota. Aka ba ta ɗakin baya, kusa da tankin ruwa, tagarsa na kallon katangar maƙwabta. Jikoki na makaranta, 'yar na shago, yini take ba mai ce mata uffan. Ba ta yi ƙorafi ba. Ta koyi kunna rediyo, ta riƙa gyara wa jikokin maɓallan riguna.

Ɗanta ne ya kawo mata labarin cewa masu sayen tsohon ƙarfe sun yanke igiyoyin.

"Ƙanwata fa? Ka biya ta wajenta?"

"Ita ma ta tashi, Inna. Tana wajen ɗanta."

Ta ci gaba da neman kafar allura. Da ta kasa, ta miƙa masa ya zura mata zaren.