Hannun Anti Sannu

A ƙaramin asibitin da ke bayan tashar mota, duk wanda ya shigo da yanka a fuska, ɗakin ƙarshe ake nuna masa, a ce, "Je ka wajen Anti Sannu." Abokan aikinta ne suka laƙaba mata sunan, don ba ta san gaggawa ba.

Da tsintsiya ta fara aiki a asibitin. Shekara tara tana shara da goge-goge. In ana ɗinke rauni sai ta rage sauri, tana satar kallo. Abin da ke ci mata rai shi ne yadda wani ma'aikaci na lokacin yake ɗinke goshin mutum kamar bakin buhu: zare mai kauri, ɗinki huɗu manya-manya, a sallame shi ya tafi da tabo har ƙarshen rayuwarsa. Wata rana ta yi ƙarfin hali ta ce, "Malam, da ka ɗan daidaita bakin fatar nan." Ko kallonta bai yi ba, ya ce, "Ga jini can a ƙasa, goge."

Ta goge. Amma a makon nan ta karɓo takardar neman shiga makarantar koyon jinya, tana da shekara talatin da huɗu da 'ya'ya uku. Mijinta, direban babbar mota, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ke da ko maɓallin rigata ba ki taɓa ɗinkewa daidai ba?" Ta faɗi jarrabawar farko, ta sake zama, ta ci. Ranar da za ta fara karatu shi da kansa ya kai ta ƙofar makaranta. Shekara uku ba a cin ayaba a gidan sai an miƙa mata ɓawon. A kansa take koyon ɗinki, ta tsaga, ta haɗa, ta warware, har autarta ta fara kiranta likitar ayaba.

Wata Talata da hantsi, bayan ta shekara goma sha biyu a ɗakin ƙarshen, aka kawo wani mai walda. Gefen kwanon rufi ne ya tsaga masa leɓen sama. Ta ɗaga leɓen ta duba ciki: yankan bai yi zurfi ba, ba sai an tura shi babban asibiti ba. Sai dai ya haye daga kan leɓen zuwa ƙasan hanci.

"Anti, manna min filasta kawai," in ji shi. "Ƙofar mutane na bari ban gama ba."

"Ƙofa za ta jira, ƙanena. Kwanta."

Ta wanke hannu, ta sa safar roba. Kafin ta yi masa allurar kashe zafi, sai da ta ɗiga alama a gefe biyu na layin leɓen, domin allura na kumbura wuri, layin ya ɓace. Ta yi ta wanke raunin har tsatsar da ta maƙale ta fita kaf. Sannan ta ɗauki zare siriri kamar gashi ta yi ɗinkin farko. Ta ja baya ta duba. Layin ya ɗan goce, ɗan kaɗan, wanda wani ba zai kula ba. Ta sa almakashi ta datse.

Shugabar ma'aikatan jinya ta leƙo. "Anti, mutum goma ke jira fa."

"Na gan su. A fara auna musu jini, ina zuwa."

Mai walda ya buɗe baki zai sa nasa. Anti Sannu ta ce, "Kul. Bakin nan nawa ne yanzu."

A karo na biyu layin ya zauna cif. Ta ƙara ɗinki huɗu ƙanana, ta yi masa rigakafin tetanus, ta ja masa kunne: ban da sosa wurin, ban da ƙyalƙyala dariya, ya dawo bayan kwana biyar.

Sai rana ta bakwai ya dawo, matarsa ce ma ta taso shi gaba. Anti Sannu ta wanke shi tas da faɗa tana cire zaren. Da ta gama, matar ta kama haɓarsa, ta juya fuskar ta nan, ta juya ta can, ta rasa inda aka ɗinke sai da aka nuna mata.

"Kai, Anti, Allah ya biya ki," ta ce. "Amma da kin sani kin haɗa da leɓen ƙasan, mu huta da surutu."

Shekara biyu suka rage mata ta yi ritaya. Idonta ya fara rauni, ta yanki tabarau. Yanzu duk ranar Laraba, bayan an tashi, takan tsare sababbin ma'aikata biyu a ɗakin, ba mai tafiya gida sai ta duba ɗinkinsa a kan ɓawon ayaba.