Waken Da Ya Fito Da Wutsiya

A gidanmu na Funtuwa, da an idar da sallar isha'i mukan kewaye murhun Kaka Yalwa, tana ɓarar gyaɗa tana mana tatsuniya. Sauran yara dariya ke kai su. Ni kuwa tambayoyi ne ke cina a ciki.

Akwai wadda ta fi ba ni haushi. Wai wani baƙo daga gabas ya sauka gidan wata mata, da zai tafi ya bar mata wani ɗan mitsitsin wake kore. Ya buɗe baki zai gaya mata yadda ake dafa shi, ta ce, "Haba baƙo, ni za a koya wa wake?" Ta jiƙa, ta gayyato maƙwabta cin ƙosai. Gari na wayewa kowace ƙwaya ta fito da wutsiya, suka bi ta ƙofa suka koma garinsu.

"To Kaka, yaya ake dafa shi?"

"Ina na sani, maigidana? Ai ba ta bari ya faɗa ba."

"Amma ke da kike ba da labarin..."

"Kai, tashi ka kwanta, sarkin bin diddigi!"

Azumin bana, a nan Riyad inda nake karatu, na daure na gayyaci abokai shan ruwa karo na farko, har da alkawarin ƙosai. A shagon da na shiga a unguwar Batha babu farin wake, sai wani ƙarami kore da suke kira mash. Mai shagon, ɗan Bangaladash, ya fara min bayani. Na ga layi a bayana, kunya ta kama ni, na ce "tamam", wato shi ke nan, na biya na fice.

Wakenmu, ka jiƙa ka murza, ɓawo ya fita. Wannan na murza har yatsuna suka yi yaushi, ya ƙi. Na tsiyaye ruwan, na rufe shi da tsumma, na koma kan karatun jarrabawa. Bayan kwana biyu, ranar gayyata, na buɗe kwano: waken ya tsiro, wutsiyoyi farare fat!

Maƙwabcina ɗan Indunusiya ya leƙo ya same ni riƙe da kai. Murna ma ya kama yi, ya soya abin da tafarnuwa da barkono. Sani direba, mutumin Maraɗi, ya dubi farantin ya ce, "Ustaz, shan ruwa ka kira mu ko kiwo?" Amma tas suka cinye, har da cewa in sake jibi.

Shekara da shekaru ina ganin Kaka ta cuce ni da rabin labari. Ashe ragowar tana bakin baƙon, kuma kunya ma tana toshe kunne kamar girman kai. Gobe zan koma Batha, in tsaya sai mai shagon ya kai aya, ko da layin zai kai titi.