Kunnen Kaka a Cikin Igiyar Ganda

Ranar wata Laraba ce, a farkon daminar shekarar da na shiga aji uku a lakwal, wato makarantar boko, na dawo gida da la'asar na tarar da tsutsotsi suna tafiya a kan igiyar shanyarmu. Jere suke, farare ƙosassu, sun taso daga wajen bishiyar mangwaro sun nufi tagar ɗakinmu. An yi ruwa da safe kuma rana ba ta fito ba, don haka gandar da Hajjo maƙwabciyarmu ta rataya tun jiya ta yi yauƙi tana ɗiga a kan yashin tsakar gida, korayen ƙudaje sun rufe ta ruf. Na tsaya da jakata a baya. Inna ta leƙo daga madafa, ko sannu da zuwa ba ta yi mini ba, sai ta miƙo mini tsumma da toka da ɓarin lemon tsami ta ce, "Maza, Zuwaira, magariba ta kusa." Na ajiye jakar na ɗauko kujerar tsuguno na hau, ina numfashi ta baki.

Wannan igiya ba ta shanya ba ce kawai, eriyar rediyon kakata ce a ɓoye. Kaka Dije uwar babana ce. Da idanunta suka fara dushewa Baba ya ɗauko ta daga ƙauyensu can wajen Dogondutsi ya kawo ta Zongon Kwatano, gidan haya mai ɗakuna fuskantar juna da rijiya ɗaya a tsakiya. Ba ta jin Faransanci, ba ta jin yaren Fon, Hausarmu ta Zongo kuwa cewa take yi kamar an zuba gero da shinkafa a ƙwarya ɗaya. Abin da ya rage mata na gida shi ne wata tasha ta can arewa da ke karanta gaishe-gaishe da sanarwar haihuwa da rasuwa bayan magariba. Sai dai a ƙarƙashin rufin kwanonmu rediyon ba ya kamo komai sai shuu, kamar ana suyar ƙosai. Yana buƙatar doguwar waya a waje, abin da mu a Zongo muke kira anten, ita kuma Kaka take kira "kunne".

Matsalar ita ce maigidan hayarmu, Alhaji Bawa. Shekarun baya wani ɗan haya ya kafa doguwar gora a kan rufi ya ɗaura eriya, iskar hadari ta kayar da ita ta yaye kwano biyu. Tun daga ranar Alhaji ya yi rantsuwa cewa duk wanda ya sake sa eriya a gidansa, a sama ko a ƙasa, ya kwashe kayansa. Kowa ya san ba wasa yake ba, kuma samun ɗaki a Zongo ba abu ne na kwana ɗaya ba. Alhaji mutum ne mai farar riga da ƙamshin turare, kullum tsafta cikon addini a bakinsa, amma kwatar gidan ta toshe tun kafin a haife ni bai taɓa kiran mai gyara ba.

Baba gyaran fanka yake yi a bakin kasuwa, saboda haka wayar tagulla ba ta yi masa wuya ba. Ya warware naɗin wata ƙonanniyar fanka, ya murɗa siraran wayoyin suka zama ɗaya, sannan ya sassauta tufkar wata tsohuwar igiyar rama ya cusa wayar a cikinta daga farko har ƙarshe. Ya ɗaura gefe ɗaya a reshen mangwaro, ɗayan a ƙusar da ke saman tagarmu, ya sa guntun tsohon silifas a kowane maɗauri don kada wayar ta taɓa itace ko bango. Wutsiyar ta shige ta ramin iska zuwa bayan gadon Kaka. Wata wayar kuma ya ɗaura ta a guntun ƙarfe ya binne a jiƙaƙƙen yashin bayan ɗaki. Daren da aka fara gwadawa, muryar wani mutum ta fito tar tana gaida mutanen wani ƙauye, sai Kaka ta dafe ƙirji ta ce, "Wannan garin a nan ake kai mu sayen gishiri." Ban taɓa ganin haƙoranta duka a waje ba sai ranar.

To amma igiyar shanya a gidan haya ba ta da mai ita. Idan ka hana wani rataya kaya a kai, ka jawo tambaya. Kwana biyu da ɗaurawa Hajjo mai ganda ta gano ta fi kowace igiya ƙarfi a gidan, ta mai da ita tata. Fatar shanu take sayowa daga mayanka, ta babbake ta da tsohuwar taya, ta kankare, ta jiƙa, ta rataya. Wani lokaci har da hanji da tumbi. Maiƙon yakan bi ramar ya shige ciki, ya gangara ya jiƙa silifas ɗin, kuma da zarar hakan ta faru muryar rediyo sai ta nutse. Shi ya sa kullum kafin magariba, da Hajjo ta sauke kayanta ta tafi bakin titi, nawa aikin yake farawa. In goge da toka, in murza da lemon tsami, in kankare daskararren kitse da farcena. Yayyena maza suna makarantar allo a wannan lokaci, ƙanwata kuma ba ta kai tsawo ba, sai ni.

Har yau in na tuna sai na ji yawu ya taru a bakina. Warin ba ya fita da sabulu. Yana shiga ƙarƙashin farce, yana bin mutum har cikin tuwonsa. A lakwal, in muna 'yar carafke a gindin katanga, babu mai son karɓar duwatsu daga hannuna, wata yarinya 'yar unguwar Godomey ta laƙaba mini suna Zuwaira Ganda, sunan ya bi ni har na gama firamare. Na taɓa yi wa Hajjo maganar tsutsa, ta dube ni sama da ƙasa ta ce ita ba ta jin wani wari, yaran zamani ne da iyayi. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Da na kai kuka wajen Baba, dariya ya yi ya ce, "Ke ba ki gane ba, wannan ƙazantar ita ce mai gadinmu. Kin taɓa ganin Alhaji ya matso kusa da ita?" Gaskiyarsa ne. In Alhaji ya shigo zagayen gida, tun daga zaure yake toshe hanci da gefen rawani, ya bi ta jikin bango can nesa da igiyar.

Haka muka yi shekara biyu. Kaka ta yi ƙiba, ta koma yin waƙar daka tana tsinkar zogale, kowace safiya kuma tana da labarin da za ta ba matan gida, wane ya aurar da 'ya, an yi ruwa a gari kaza. Ni kuwa na tsani igiyar, na tsani ganda, wani lokaci har Kakar nake jin haushi in na ga ta kishingiɗa tana murmushi alhali hannuna yana ɗoyi.

Abin da ya tona mana asiri ba tsutsa ba ce, ba kuma tsegumin maƙwabta ba. Wata magariba aka karanta rasuwar wani dattijo mai fataucin goro a Dogondutsi, aka ambaci danginsa har da na Kwatano. Kawun Alhaji Bawa ne, ƙanin mahaifiyarsa. Baba ya roƙi Kaka ta yi shiru, ya ce direbobin manyan motoci za su kawo labarin nan da 'yan kwanaki. Kaka ta ce ita ba a haife ta a inda ake jin mutuwa a haɗiye ba. Gari na wayewa ta yafa mayafi ta ce in ja mata hannu zuwa sashen Alhaji. Ta durƙusa a bakin ƙofarsa ta ce, "Alhaji, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta." Alhaji ya saki kofin shayinsa. Bai ji ba, babu wanda ya faɗa masa. Ya yi salati, ya yi hawaye, ya yi mata godiya har da cewa ta zama uwa a gare shi, ranar kuma ya hau mota, ya samu sadakar uku saboda ita.

Da ya dawo, ko gajiyar hanya bai sauke ba ya shigo tsakar gida. Wannan karon bai toshe hanci ba. Shi ma yana da rediyo, babba mai rigar fata, kuma ya san ba ya kamo wannan tashar. Ya bi igiyar da ido daga mangwaro har ramin iska, ya sa yatsa ya buɗa tufkar, tagulla ta yi ƙyalli. Baba ya fito yana ba da haƙuri, yana cewa tsohuwa ce, ba ta da kowa sai wannan akwati. Alhaji ya ce rantsuwa rantsuwa ce, ɗan haya ba zai sa anten a gidansa ba. Sannan ya ƙara da cewa amma shi ba ɗan haya ba ne. Ko dai mu tashi ƙarshen wata, ko Baba ya kwance wutsiyar wayar daga tagarmu ya mai da ita tagarsa. Baba ya dubi ɗakinmu, ya dubi Inna da ke da tsohon ciki, ya je ya ɗauko filaya.

Na ga tsutsa, na kankare ruɓaɓɓen kitse da farcena, amma ban taɓa jin ƙyamar wani abu kamar yadda na ji ta wannan farar riga a ranar ba. Daga magaribar nan muryar tashar ta koma fitowa daga ɗakin Alhaji, ya kuma riƙa rufe taga wai saboda sauro. Har aike ya yi wai yarinyar nan ta ci gaba da goge igiya, ta iya. Na ce wallahi sai dai a yanka ni. Inna ta ɗaga hannu za ta make ni, Kaka ta ce a bar ni.

Bayan kwana kaɗan na ga Kaka ta jawo tabarmarta zuwa gindin mangwaro, daidai ƙarƙashin ɗigar ganda, domin nan ne kaɗai ake ɗan jin abin da ke tsallako tagar Alhaji. Ranar igiyar ta yi maiƙo, muryar tana nutsewa, ita kuma ta karkata kai tana ƙoƙarin tsintar sunan wani gari. Na shiga madafa na ɗauko toka da lemon tsami na hau kujera. Haka na ci gaba da yi wa Alhaji Bawa aiki kullum ina tsine masa a zuci, har damina ta zagayo Kaka ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. A wannan tashar aka karanta rasuwarta, kuma Alhaji ne ya fito ya shaida mana cewa an faɗi sunanta daidai.

Yanzu an rushe gidan an yi bene, rufinsa cike da farantan kama tashoshi, ba mai hana kowa. Tashar da muka sha wahala a kanta tana cikin wayar hannuna, in na ga dama in ji ta ina bisa zem, babur ɗin haya, a hanyar unguwar Cadjèhoun, tar kamar mai maganar yana bayana. Ganda kuwa ban ci ba har yau, in na hango ta a miya sai in ture kwanon. Amma wani lokaci in magariba ta kawo kai nakan ji ina shinshina yatsuna, sai in tarar ba komai sai sabulu. Da a ce akwai mai jira a gindin mangwaro, da na sake hawa kujerar.