Baƙin zaren sallayar Inna

Tun da na zo Landan kalmar "fix", wato gyara, ta zauna mini a baki. Famfo ya fara ɗiga, zan yi fixing. Ganin likita, na yi fixing ɗin rana. Abincin yara, kitson 'yata, faɗansu a kan rimot, duk kalmar nan ɗaya ce take ɗauka. Ni kuwa da ma can ga ni da karambani, ba na iya ganin abu a karkace in wuce. Maigidana yakan ce da za a ba ni dama da tuni na miƙe titin Catford.

Shekarar da mahaifiyata ta zo ganin likitan ido, wata uku ta yi a wurinmu. Idon Inna ya riga ya yi nisa, inuwar mutum kawai take gani. Ta zo da sallayarta, wata koriya da ta koɗe. A kusurwa ɗaya ta wajen goshi akwai yaga kamar tsawon yatsa, an ɗinke ta da baƙin zare, ɗinki mummuna, wani taku babba wani ƙarami. Tun ina yarinya nake ganinsa, ban taɓa tambayar wanda ya yi ba.

Wata Juma'a na kai ta masallacin Regent's Park. Ta shimfiɗa abarta a kan lallausan kafet ɗinsu, kusa da matar wani likita da muke gaisawa. Matar ta dubi ɗinkin, ta dube ni. Wataƙila ba ta nufi komai ba. Ni dai kunya ta kama ni, kuma kaina nake ji wa, ba Inna ba.

Ran Litinin tana barcin rana na naɗe sallayar na tafi Lewisham, wurin telan da yake rage mini tsawon wandunan yara. Dattijo ne ɗan Gana, mutumin zango, irin masu Hausar da kowa "ka" ne a wurinsu. Ya juya kusurwar, ya shafa ta da babban yatsa.

"Hajiya, wannan ba tela ya yi ba. Kana so in cire duka?"

"Cire, Baba. Ka yi fixing ɗinsa yadda ba za a gane ba."

"Mai shi ya sani?"

"Sauri nake, Baba."

Ina tsaye ya sa reza ya tsittsinke baƙin zaren, ya kaɗe shi ƙasa. Ya nemo kore ya yi aikinsa, aiki mai kyau wallahi. Na dawo gida ina jin kaina 'yar albarka.

Da la'asar ta yi Inna ta ɗauki sallayar, ta fara bin gefenta da yatsu. Sai a lokacin na lura da ɗinkin nan take gane inda goshin yake. Ta zagaye gefen sau biyu.

"Wannan ba tawa ba ce."

"Taki ce, Inna. Na kai an gyara miki."

Can ta ce in daidaita mata, ta yi sallarta. Bayan ta shafa addu'a ta ce Allah ya yi mini albarka, ta ce ɗinkin ya yi sumul. Sannan, ba tare da ta juyo ba, ta ce:

"Babanku ne ya ɗinka. Ina jegonki ƙusa ta kama ta, ya ce sai ya gyara kafin in yi arba'in in koma salla. Mutumin da bai taɓa riƙe allura ba. Na yi masa dariya har ya yi fushi."

Babanmu ya daɗe da rasuwa. Kayansa duk an raba tun lokacin, har hulunansa. Sai Inna ta tambaye ni:

"Telan ya ba ki zaren?"

Nan ya kamata in faɗi gaskiya. Sai na ji bakina yana cewa yana wurinsa, na manta ne, zan karɓo.

Washegari tun kafin ya buɗe shago ina bakin ƙofa. Ya ce ya yi shara tun jiya, motar sharar council ta kwashe da safe. Har ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin keken ɗinkin, ga shi dattijo, duk da mun san babu. Bai ce ai ya gaya mini ba, kuma wannan ya fi yi mini zafi.

Sauran kwanakinta na yi ta kewaye-kewaye. Yau tela ya yi tafiya, gobe ba shi da lafiya. Ba ta taɓa matsa mini ba. Ban sani ba ko ta gane, kuma tsoron sani nake yi. A filin jirgi, ma'aikaciya ta riga ta kama keken da za a tura ta, ta laluba ta riƙo hannuna.

"In kin karɓo, ki ƙulle a takarda ki ba mai zuwa gida. Kar ki sa a cikin kaya, ƙaramin abu ne, zai ɓata."

Na ce to, Inna.