Gidan da Hajja Ladi Ta Zaɓa

Cikin ranakun aikina, wadda ba ta fita daga raina ita ce ranar da na kai Hajja Ladi duba gida. Ita ce mahaifiyar Injiniya Haruna, wanda kamfaninmu ya ɗauko daga Sinnar domin kula da taraktoci. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, ba a sallame ta daga aikinta na asibiti ba tukuna, saboda haka shi da tsohuwa kaɗai suka iso Gadarif. Ni kuwa shekarata ta farko ke nan a ofishin gudanarwa bayan na gama jami'a, kuma nema wa baƙin ma'aikata gida yana cikin ayyukana.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba, ana kawo sabon injiniya ne a ƙarshen rani. Da zarar ruwan fari ya sauka, sai ya bi taraktoci zuwa kambo, wato sansanin ma'aikata a gonakin dawa da riɗi, kuma yakan yi makonni bai ga gida ba. Kamfani ke biyan haya, ma'aikaci ke zaɓa. Nawa shi ne in duba ƙasar wurin. Baƙar lakar garin nan tana yaudarar baƙo: da rani ta bushe ta tsattsage kamar dutse, da damina kuwa ta riƙe tayar babbar mota.

Na fara kai su wani gidan bulo a tudu mai tsakuwa, kusa da ofis. Injiniya ya zagaya ya ce madalla. Hajja, wadda idanunta suka yi rauni ƙwarai, ta zauna a tsakar gida tana saurare. Maƙwabciya ta leƙo ta yi mata maraba da Larabci, cikin mutunci. Hajja ta amsa da ɗan abin da ta iya, magana ta ƙare.

Don cika ƙa'ida kawai na nuna musu gida na biyu, a unguwar Hausawa da ke gangare bakin kwari. Tun ba mu fito daga mota ba muka ji wata mata tana yi wa akuya faɗa da Hausa. Hajja ta ce, "Tsaya, ɗan nan. Wace ce wannan mai bakin?"

Sunanta Hauwa, tela ce, gidanta na jikin wanda muka zo dubawa. Kafin mu gama zagayawa ta kawo tabarma da kofi, har sun gano cewa kakanninsu duka a hanyar Makka suka yada zango a ƙasar nan.

Na ja Injiniya gefe, na nuna masa layin da ruwa ya bari a bango, wanda ya kai gwiwata. Na ce, "Yallaɓai, kwarin nan yana cika. Ban ba da shawarar gidan nan ba."

Ya maimaita wa mahaifiyarsa. Ta juyo wajen muryata ta ce, "Ɗan boko, na ji. To, shi yana daji, ni ina tudunku. In na faɗi, da wane baki zan yi kira? In Allah ya karɓi abinsa, wa zai wanke ni?"

Injiniya ya bi zaɓinta, ya karɓi gidan gangaren. Da na kai wa Mudir, wato shugaban ofishinmu, rahoto, sai ya ce, "Ka nuna masa layin ruwan?" Na ce na nuna. Ya ce, "To, mu haya muke biya. Maƙwabta ba ma zaɓa wa mutum."

A tsakiyar damina, wata rana bayan azahar, aka yi ruwa mai ƙarfi, kwari ya tumbatsa. Injiniya yana kambo bayan garin Doka, hanya ta yanke. Ya kira ni ya ce wayar Hajja ba ta shiga. Na ɗauki motar ofis, laka ta riƙe ta a rabin hanya, na ƙarasa da ƙafa, takalma a hannu.

Na tarar da bangon ɗakin Hajja ya zube. A farfajiyar makarantar unguwa, wadda ke kan tudu, na same ta zaune bisa gadonta na igiya, an lulluɓa mata bargo. Hauwa ce ta fara jin ƙarar ruwan. Ta san tsohuwa ba ta gani sosai, ta kuma san tana kwanciya a wannan lokacin. Ta bar gidanta a buɗe, ta kira mata uku, suka ɗauko ta da gadon gaba ɗaya.

Da Hajja ta ji muryata sai ta ce, "Ɗan boko, ka zo ka ce ka faɗa?"

Na ce, "A'a, Hajja, na zo in gan ki ne."

Ta ce, "To ka gan ni. Kira Haruna ka ce masa ya yi aikinsa."

Na daɗe ina auna lamarin. Da tudu suka zauna, ruwa ba zai taɓa su ba. Wannan gaskiya ce, kuma ban janye ta ba. Amma damina wata huɗu ce, sauran watannin kuwa mutum da mutane yake zama. Ni ƙasa aka koya mini in duba, kuma na duba ta daidai, ita kuwa tsohuwa wani abu dabam take dubawa. Yanzu kafin in nuna wa baƙo gida, nakan tambaye shi wa zai wuni a ciki idan ya tafi kambo. Injiniya bai bar unguwar ba, ya dai koma wani gida a saman gangaren.

Abin da ruwa ya ci a gidansa: ɗaki ɗaya, firji, da akwatin littattafai. A gidan Hauwa: keken ɗinki, awaki huɗu, da buhun dawa uku.